Mzee Ba Ya Kira, Bipu Yake Yi

Anti Nyamizi,

"Amma ai ke kika kira Mzee," in ji Bi Kabula, mai kula da ma'aikata a ofishinmu, tana miƙo mini wayata. "Duba nan. Ke kika kira. Nan ma ke. Ran Lahadi ma ke ce. To ni a ina zan rubuta cewa an kira ki aiki a lokacin hutunki?"

Na karɓi wayata na yi mata godiya, don an koya mini ladabi a gida. Daga nan na dawo teburina na fara rubuta miki wannan wasiƙa a lokacin aikin kamfani, abin da ban taɓa yi ba. Ki taimake ni da shawara, Anti. Na gaji, kuma ina tsoron gajiyar nan za ta yanke mini hukuncin da ni ya kamata in yanke.

Ina aiki a wani kamfani a nan Mwanza da ke ɗaukar kifi a motoci masu firji zuwa Dar es Salaam da kan iyaka. Ni ce mai tsara tafiyar direbobi da takardun hanya. Digirina a kan sufuri ne, amma abin da aka koya mana a jami'a ɗan kaɗan ne yake shiga aikin. Sauran duk sanin hali ne: wane direba ne ya yi faɗa da matarsa, wane ne in ya ce taya ta fashe yana nufin ya tsaya cin gasasshen nama a Singida.

Mai kamfanin, dattijon da muke kira Mzee Mayala, ba mugu ba ne. Na faɗi wannan da wuri don na san yawancin masu rubuto miki da mugun maigida suke zuwa, kuma da nawa mugu ne da abin ya fi mini sauƙi. Yaron mota ne shi a da, ya tashi da ƙarfinsa. In ya dawo daga gona yakan sauke mana buhun dankali a bakin ofis ya ce kowa ya ɗiba. Tun ranar da ya ɗauke ni aiki bai taɓa kiran sunana ba, "'yata" yake ce mini. Aibinsa ɗaya ne. Bipu.

Kin san ƙa'idar bipu yadda kowa ya santa. Marar kati ne ke yi wa mai kati, ƙarami ke yi wa babba. Ka bar wayar ta yi ƙara ɗaya ka katse, mai hali ya kira ka. Mzee yana da motocin da suka cika fili, amma babban yatsansa bai manta zamanin da yake kwana a ƙarƙashin mota ba. Ƙara ɗaya, ɗif. Sai ni in kira.

Na kira shi daga bayan coci, ana tsakiyar waƙa. Na kira shi daga wurin kitso, rabin kaina a tsefe, mai kitson tana harara ta. Na kira shi a bikin ƙawata ina sanye da anko, na toshe kunne ɗaya da yatsa a bayan janareta. Ga irin abin da nake ji:

"'Yata, motar da Shija ke tuƙawa ta wuce Nzega?"

"Shikamoo, Mzee, ina gaisuwa. Ta wuce tun da rana, ai na turo maka saƙo."

"Marahaba. Waɗannan ƙananan rubutun naku idona ba ya ganinsu. To madalla, ki huta."

Kullum da "ki huta" yake rufewa, kuma da gaske yake. Wata rana so yake in tuna masa sunan wani baƙo da ya zo bara, "mai dogon hancin nan." Wata rana ya ce ba komai, jikarsa ce ta taɓa masa wayar, yana gwadawa ne ko tana aiki.

Za ki ce in ƙyale, in kira da safe. Na taɓa tunanin haka. Sai dai wani lokacin gaskiya ne. Akwai Lahadin da firjin mota ya mutu a daji cike da kifi, direba ya kira Mzee, Mzee ya yi mini bipu, ni na nemo wata motar da ta kwashe kayan kafin su yi wari. Da ban kira ba, da mutane da yawa ba su ga albashi ba a watan. Matsalar ke nan: bipu ba shi da girma. Na kifin da zai ruɓe da na mai dogon hanci duk tsawonsu ɗaya. Sai kin kira za ki san wanne ne, in kuwa kin kira, ai an riga an cinye ki.

A farkon shekarar nan ɗansa Deusi ya dawo daga karatu a waje da jaka cike da dabaru. Ya rubuta doka: ba shugaban da zai kira ma'aikaci bayan an tashi ko a ƙarshen mako, wanda kuma aka kira dole a biya shi da ranar hutu. Mzee da kansa ya karanta mana ita a taro, yana bin layi da yatsa. Da ya gama ya ce, "Daga yau ba mai damun 'ya'yana a gidajensu." Muka tafa. Kuma in ba shi haƙƙinsa, ya cika alkawari. Tun daga ranar bai kira kowa ba. Dama bai taɓa kira ba.

Abokiyar aikina Minza ta ce, "Ke ma kin cika tsoro. In ya yi miki bipu ki mayar masa da bipu. Ai shi ne mai kuɗin, ƙa'ida ta hau kansa. In ya kira, sai ki kai wa Bi Kabula ta rubuta." Minza a sashen lissafi take, ba wanda ke nemanta ran Asabar, shi ya sa take da jarumta.

Duk wannan da zan iya ci gaba da haɗiye shi, ina mayar da shi abin ba'a a wurin cin abincin rana, yadda na saba. Abin da ya canza shi ne mahaifina.

Baba malamin firamare ne mai ritaya, a ƙauyenmu da ke tsallaken tafki. Mutum ne mai magana. In ya fara ba da labari, ugali, tuwon masararmu, yakan huce a kwano ba wanda ya lura. Bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hankalinsa na nan garau, amma kalma sai ta yi doguwar tafiya kafin ta iso bakinsa. Yakan kama ta farko, ya tsaya, ya rufe ido, ya lalubo ta biyu. Likita ta ce a yi ta sa shi magana, kuma kada a tare shi, kada a ƙarasa masa. Mama na ƙoƙari, amma ga girki ga kaji ga wanki, kuma shekara da shekaru ta saba shi ke magana ita tana aikinta. Yayana yana Dodoma, daga can yake turo mana shawarwari. Don haka ni ce. Kowace Asabar ina hawa jirgin fito in haye, in ja kujera kusa da gadonsa, in zauna.

Kin riga kin gane sauran. Baba yana tsakiyar hawan jimla, ya kai rabi da ƙyar, sai wayar ta yi ƙararta guda a cikin jaka. Nakan yi kamar ban ji ba. Shi ma yakan yi kamar bai ji ba. Amma ya ga idona ya tafi, ni kuma ina lissafin wace mota ce ke wane gari. Daga ƙarshe in ce, "Baba, minti ɗaya." In na dawo, jimlar ta tafi. In tambaye shi me yake cewa, sai ya ɗaga hannun mai lafiyar ya kaɗa, wato bar shi.

A ofis sun san dai Baba ba ya jin daɗi. Ban ba kowa bayani ba, har Mzee. Ba na son a riƙa kallona da fuskar tausayi a bakin injin kwafi, kuma ba na son a ce mace ce, matsalar gida ta fara cin aikinta. Na ga yadda aka yi wa wasu.

To ga tambayata. In ajiye aikin? Albashin nan shi ke sayen maganin Baba, kuma aiki a garin nan kin san yadda yake. In kai ƙara wurin Deusi, in haɗa ɗa da uba faɗa a kaina? In bi shawarar Minza? Ko in kashe wayar kawai, in bar kifin kowa ya ji da kansa? Bi Kabula dai ta nuna mini cewa a idon doka ni ce mai damun dattijo a ranar hutunsa.

Bari in gaya miki abin da ya kai ni ofishinta yau, sai in bar ki.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da Baba da ƙarfinsa. Mama ta yi masa aski, an buɗe taga. Ya fara ba ni labarin wani ɗalibinsa na da, har ya haɗa kalmomi da yawa a jere, abin da bai yi ba tun da ya kwanta. Ina riƙe da hannunsa. Sai ƙarar nan. Ban motsa ba, wallahi ban ko kalli jakar ba. Shi ne ya kalle ta. Ya daɗe yana tattaro abin da zai faɗa, ni kuma na yi shiru yadda likita ta ce, ina jiran ci gaban labarin. Da maganar ta fito, ta fito tsaf, ba gargada ko ɗaya:

"Je ki. Babanki na kira."

Na fita bayan ɗaki wajen bishiyar mangwaro na kira. Mzee yana son ya san ko Litinin ranar hutun gwamnati ce. Na ce a'a. Ya ce madalla, in huta.

Da na koma, Baba ya juya fuskarsa bango. Mama ta ce in bar shi ya gaji, in yi sauri kada jirgi ya tafi ya bar ni. Na tsaya kaɗan ko zai juyo. Sai na ɗauki jakata, na ja masa ƙofar a hankali, na kama hanyar bakin ruwa.

Taki,
'Yar Mutum Biyu, Mwanza

*

'Yar Mutum Biyu,

Sannu da ɗawainiya. Na karanta wasiƙarki na yi dariya a wurare da dama, kuma na lura kin shirya ta ne don in yi dariyar. Kin iya ba'a, ita ce ta riƙe ki zuwa yanzu. Amma ba'a ba ta taɓa sa wani maigida ya canza hali ba, musamman wadda ake yi a bayansa a wurin cin abinci.

Kada ki ajiye aikin yanzu. Wanda ya gaji ba ya yanke hukunci mai kyau, kuma Baba na bukatar maganinsa kamar yadda yake bukatar kunnenki. Shawarar Minza ma ki bar mata abinta. Tana da daɗin ji, amma mayar wa dattijo bipu tsokana ce, zai gane, kuma za ki ci nasara a teburin Bi Kabula ki faɗi a wurin mutumin da ke da kamfanin. Haka nan kada ki fara da Deusi. Uban da aka gyara masa kuskure ta bakin ɗansa ba ya manta wanda ya kai maganar.

Yanzu bari in tsaya wa Mzee kaɗan. Ba na jin wayo yake yi wa dokar. A ransa bipu ba damu ba ne, taɓa kafaɗa ne: in kin samu sarari ki neme ni. Ke ce kika mayar da shi umarni, don ba ki taɓa barin wayar ta huce ba kafin ki kira. Shekaru kina koya masa cewa kullum kina da sarari, shi kuma ɗalibi ne mai ƙoƙari. Wannan bai wanke shi ba. Mai kamfani ya kamata ya san cewa ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ƙyale kiran maigida, ko da rabin ƙara ne. Amma akwai babban abin da bai sani ba, kuma ke kika ɓoye masa. Bai san akwai wani dattijo sa'ansa a tsallaken ruwa da ke fama da kalma ɗaya ɗaya ba, bai san me kowane bipu yake katsewa ba. Na fahimci tsoronki, na san abin da ake yi wa mata a ofisoshi in suka ambaci gida. Sai dai ɓoyewar ba ta kare ki ba, ta dai sa kina biya ke kaɗai.

Ki same shi da safe a ofishinsa, ranar da babu motar da ta lalace. Kada ki riƙe takardar doka. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki zauna, ki gaya masa halin da Baba yake ciki dalla-dalla, har yadda yake rufe ido yana neman kalma. Shi ya ce ke 'yarsa ce, to ki riƙe shi a kan maganarsa. Ki ce, "Mzee, ɗan'uwanka na kwance, kuma Asabar ce kawai nake da ita da shi. Na zo roƙonka ita." Mutanen zamaninsa suna ƙin a ƙwace abu a hannunsu, amma suna son a roƙe su su bayar. Kada ki yi mamaki in ya ce zai haye dubiya da buhun dankalinsa. In ya ce haka, ki bar shi ya je. Zama kaɗan a gefen gadon nan zai yi aikin da dokar Deusi ba ta yi ba.

Amma kada ki tsaya a kan tausayi, don tausayi na sanyi bayan 'yan makonni. Ki je da tsari a hannu, tunda aikinki ke nan. Kifi ba ya sanin Asabar, wannan gaskiya ne, don haka dole wani ya kasance a kunne. Ba dole ne kullum ya zama ke ba. A sayi waya guda ta aiki, ta riƙa zagayawa tsakaninku a ƙarshen mako, direbobi da Mzee duk ita za su nema, wanda ta kwana a hannunsa a ba shi ranar hutunsa ba sai ya kawo shaida ba. Wannan ne wurin da Deusi zai shigo, bayan uban ya amince, kuma ki bar su su ɗauka dabararsu ce. Zai zama dole ki koya wa wani yadda ake nemo mota a tsakiyar daji. Ki duba zuciyarki a nan da gaskiya, don wanda aka saba cewa ba a iya komai sai da shi yakan ji wani iri ranar da aka iya.

Tunda idonsa ba ya ganin rubutu, kowace Juma'a kafin ki tashi ki tura masa saƙon murya: mota kaza tana wuri kaza, Litinin akwai aiki, wayar aiki tana hannun wane. Rabin bipunsa neman kwanciyar hankali ne, ki ba shi tun kafin ya nema. Sannan ki gaya masa a fili cewa daga lokacin da kika taka jirgin fito wayarki a kashe take sai kin dawo. Ki kashe ta kuwa. Zai gwada ki a makon farko, ba da mugunta ba, yatsan ne. In kika kira sau ɗaya, kin rushe komai.

In kin yi duk wannan ya ƙi, ko ya amsa da baki ya ci gaba, to kin samu amsar da ba ki da ita yau. Sai ki fara neman wani aikin a natse, kina kan wannan, ba tare da jin kin ci amanar kowa ba.

Saura maganar Baba, wadda na san ita ce ta hana ki sukuni. Ta yi zafi, an yi ta ne don ta yi zafi. Amma ki sake saurarenta. Mutumin da ke wahala da kalma biyu ya haɗa jimla cikakkiya, da gatse a cikinta, ya harba ta inda ya nufa. Malamin yana nan, kuma a wurinsa kika gaji bakin nan naki. Ba korarki ya yi ba. Kishi yake, kuma ba a kishin wanda aka fid da rai da shi.

Kada ki je masa da dogon ban haƙuri, zai gajiyar da shi, kuma zai tilasta masa neman kalmomin lallashinki. Ki shiga ki gaishe shi, ki kashe wayar a gabansa ya gani, ki miƙa wa Mama ta kai ta ɗakin girki. Sai ki ja kujerarki. Wataƙila ya yi miki shiru ranar gaba ɗaya, yana da wannan haƙƙin. Ki zauna a cikin shirun tare da shi har lokacin jirgi, ki dawo mako na gaba ki sake zama.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sassauta masa harshe, ya ƙara wa Mama ƙarfi. Ke kuma ya ba ki hutun da ake ta yi miki fatansa a waya.

Anti Nyamizi